Sauya Rufin Kwano da Kanka a Jos Idan Aljihu Ba Nauyi: Tambayoyi da Amsoshi

Shekarar da guguwar farkon damina ta yaye rufin ɗakuna biyu na mahaifiyata a Anguwar Rogo, abin da ke hannuna bai kai rabin kuɗin da ɗan kwangila ya yanka mini ba. Dole ta sa na zama ɗan kwangilar kaina. Na sayo kaya, na ɗauko kafinta guda, ni da ƙannena biyu muka zama leburorinsa. Tun daga nan na sa hannu a rufi da dama, na 'yan uwa da na maƙwabta, kuma tambayoyin da ake yi mini kusan iri ɗaya ne kullum. Ga su nan da amsar da nake bayarwa. Maganata a kan ƙaramin gida ce, ɗaki ɗaya zuwa huɗu, wanda ba bene ba.

Da gaske mutum zai iya sauya rufinsa da kansa, ko dai cika baki ne?

Ya danganta da abin da kake nufi da "da kansa". Cire tsohon kwano, zare ƙusoshi, shafa wa katako magani, miƙa kaya sama, sayayya da lissafi, duk wannan aikinka ne, kuma a nan kuɗi ya fi zurarewa idan ka sakar wa wani. Buga sabon kwano ma za ka iya, in ka tsaya ka kalli layi biyu na farko. Amma haɗa katakon, wato ƙashin rufin, wannan ka bar wa kafinta. Kuskuren kwano ɗigo ne a kan katifa. Kuskuren katako kuwa rufin ne gaba ɗaya a tsakar gidan maƙwabci. Ka nemi kafintan da ka ga aikinsa ya ci damina uku ko huɗu yana nan daram, ku yi jinga a kan aikin hannu kawai, kaya kai za ka sayo.

Ta yaya zan gane rufina faci yake so ko sauyi?

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sau da yawa bai san dalilin yoyon ba. Da rana tsaka ka shiga ɗakin, ka rufe ƙofa da taga, ka ɗaga silin guda ka leƙa. Idan haske na shigowa ta 'yan wurare, kuma duk a kan layin ƙusa suke, faci ne: ka zare tsofaffin ƙusoshin, ka sa masu hula sababbi, ka toshe ramukan da kwalta ko filashban, wato tef mai kwalta da ake manna wa kwano. Idan kuwa ka ga sama kamar taurari, haske ko'ina har a tsakiyar falle, tsatsa ta gama da kwanon, kuɗin faci asara ne.

Sannan ka soka wa katakon sukudireba. Idan ta shige kamar cikin burodi, ko gari ya zubo, gara ko ƙwaro sun riga ka.

Akwai wani ɗigo da ke ruɗar mutanen Jos. Da sanyin asuba, a ɗakin da ba silin kuma an kwana da taga a rufe, tururin numfashi da na girki yana taruwa a jikin kwano mai sanyi ya koma ruwa, ya riƙa ɗiga ko ba a yi ruwan sama ba. Wannan zufa ce, ba yoyo ba. Maganinta silin da kafar shigar iska, ba sabon kwano ba.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ruwan Jos yakan fara ne wajen Afrilu ya kai Oktoba, kuma yana da yawa, kusan milimita 1,400 a shekara, mafi ƙarfinsa a Yuli da Agusta. Wanda ya buɗe ɗakinsa cikin marka ya san abin da ya tarar. Maris ma ba abin yarda ba ne, don hadarin farko ba ya sallama. Kuma da zarar guguwa ta yaye rufin unguwa guda, kafintoci sun yi wuyar samu, 'yan kwano sun ɗaga kai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hunturu na da nasa sharrin: iska. Ranar da take kaɗawa da ƙarfi kada kowa ya ɗaga falle sama.

Nawa zan tanada?

Duk wanda ya ba ka adadi bai ga ɗakinka ba, kuma farashin makon jiya ya faɗa maka. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kayan gini ba sa kwana inda suka wuni. Abin da zan ba ka shi ne jerin da za ka shiga kasuwa da shi: kwano, katako, ƙusar katako inci 3 da inci 4, ƙusar kwano, rodi kwata ko langa-langa na ɗauri, maganin gara, siminti buhu ɗaya ko biyu da yashi na gyaran kan bango, kuɗin mota, kuɗin kafinta, abincin masu taya ka aiki. Ka tambayi farashin kowanne a shago uku a rana ɗaya, ka haɗa, ka ɗora kashi goma cikin ɗari a kai. Wannan kashi goman za ka ci shi, ban taɓa ganin wanda ya dawo da shi gida ba.

Idan kuɗin ba zai zo a dunƙule ba, ka mai da shi kaya da kaɗan-kaɗan. Ka ɗauki adashi ka sayi bandir ɗaya, wata mai zuwa ka sayi katako. Kwano ka jingine shi a tsaye a cikin ɗaki inda ruwa ba ya taɓa shi, don in danshi ya kwanta tsakanin fallaye yakan yi musu farin tabo ya fara cin su tun ba su hau sama ba. Kada dai ka cire ko ƙusa ɗaya daga tsohon rufi sai kayan sun cika a ƙasa.

Wane kwano zan saya?

Iri uku za ka fi gani, ko a shagunan cikin gari ko a kasuwar kayan gini ta Bildin Matiriyal da ke hanyar Bukuru.

Na farko shi ne kwanon da muka taso muka gani, wanda ake ce wa zinki. Ƙarfe ne aka shafe shi da sinadarin zinki don kada ya yi tsatsa. Bandir ɗaya falle 20 ne, tsawon falle ƙafa 6. Shi ne mafi araha, kuma shi ne ya fi sauƙi ga wanda ba gwani ba, don mutum ɗaya na iya ɗaukar falle. Matsalarsa kauri. Akwai na 0.15, akwai na 0.20, akwai wanda ya fi haka, duk a milimita, kuma a ido kusan ɗaya suke. Mafi sirantarsu in ka riƙe shi ta gefe lanƙwashewa yake kamar takarda. A garin da ake ruwan ƙanƙara, kuma iska ke tahowa ta kan duwatsu ba abin da ya tare ta, wannan ba kwanon ɗakin kwana ba ne. Na kejin kaji ne.

Na biyu alminiyon dogo, wanda ake yanka maka daidai tsawon rufinka, ana sayarwa da mita. Kaurinsa da aka saba 0.45 ko 0.55. Ba ya tsatsa, ba shi da mahaɗi a tsakiya, saboda haka yoyonsa kaɗan ne. Ya fi tsada, kuma in ka yi kuskuren awo ba a mai da shi. Yana son ƙusarsa ta musamman mai roba. Ƙusar baƙin ƙarfe takan yi tsatsa ta ci bakin ramin.

Na uku mai tsakuwa a jiki, wanda kowa ke kira Gerard ko da wani kamfani ne ya yi shi. Kyakkyawa ne, ba ya ƙara in ana ruwa, amma yana cin katako da yawa kuma yana son gwani. Mai ƙaramin ƙarfi ya kalle shi ya wuce.

Ni a ganina, da ka sayi alminiyon mafi siranta don a ce ka yi na zamani, gara zinki mai kauri. Kuma kada ka tsaya ga abin da aka rubuta a jikin bandir. Ka ɗaga shi ka ji nauyinsa, ka gwada da na shagon gaba. In mai shago na da ma'aunin kauri, ka ce ya gwada a gabanka. Ka ƙirga fallayen kafin a ɗora a mota. Na taɓa kai bandir gida na tarar da 19, na koma, mai shagon ya rantse shi ma haka aka kawo masa.

Bandir nawa zai ishe ni?

Bari mu yi lissafin ɗakuna biyu a jere, kowanne ƙafa 12 da 12, rufi mai zuba gefe ɗaya, irin na yawancin gidajenmu.

Falle ba ya rufe duk girmansa, don dole wani ya hau kan wani. A faɗi, bayan hawan, abin da ya rage kamar ƙafa 2 ne. A tsawo kuma kowane mahaɗi yana cin inci 6. Ke nan falle uku a jere daga ƙasa zuwa sama suna ba ka ƙafa 17, ba 18 ba. Zurfin ɗakin da kaurin bango ƙafa 13 ne, gangara ta ƙara masa kaɗan, sauran ya zama leɓen da zai fito gaba da baya ya kare bango daga feshi. Falle uku sun yi daidai.

A tsawon ginin ne mutane ke faɗawa rami. Sai mutum ya ce 12 da 12, 24 ke nan, ya ƙara ƙafa ɗaya kowane gefe, 26, ya raba biyu ya sami layi 13, sau uku 39, ya yi murna bandir biyu sun isa har da ragowar falle. Ya manta bango uku ne a tsaye, kowanne da kaurinsa da filastarsa. Ginin a waje ya kusa ƙafa 26, da leɓe 28, layi 14, falle 42. Ranar aiki da La'asar sai a ga saura layi guda, kwano ya ƙare, an rufe kasuwa. Ka auna ginin ta waje da tef, ka auna fallen da za ka saya shi ma, don faɗinsu na bambanta daga kamfani zuwa kamfani, sannan ka ƙara falle biyu ko uku na ko-ta-kwana.

Tsohon kwano fa, na hannu, wanda aka cire daga wani gini?

Yana yi wa kicin, banɗaki, shagon gawayi ko makwancin awaki. A ɗakin kwana ramukan tsofaffin ƙusoshi ba za su faɗa kan katakonka ba, kowanne kuma ƙofar ruwa ce. In dole ce ta sa, ka zaɓi wanda tsatsarsa ba ta huda ba, ka ɗaga kowane falle ka kalli rana ta cikinsa, ka toshe ramukan tun yana ƙasa. Tsohon alminiyon dogo mai kauri, in ka dace da shi, ya fi sabon zinki sirit.

Me zan duba a Kasuwar Katako?

Ka tafi da kafintanka, amma kuɗin na aljihunka. Sunayen da za ka ji: tu-bai-sikis da tu-bai-fo (wato kauri inci 2, faɗi inci 6 ko 4) na rafta, katakon da ke bin gangarar rufi, da abin da zai kwanta a kan bango, tu-bai-tiri na kwanciyar da ake buga kwano a kai, tu-bai-tu na silin, da faffaɗan allo na fuska. Tsawon da aka saba ƙafa 12 ne. Sunan dai suna ne. Tu-bai-fo na yau in ka sa masa tef sau da yawa bai cika ba, don haka tef ɗin na hannunka.

Kowane katako ka ɗaga shi ka saita ido ɗaya a tsawonsa kamar mai harbi. Wanda ya karkace ka ajiye. Mai babban ƙulli a tsakiya, mai tsaga, mai ɓawo a gefe, mai 'yan ramuka da gari, duk ka ajiye. Ɗanye za ka gane shi da nauyi da sanyi a hannu, kuma in ka buga shi a haka zai bushe a sama ya murɗe ya ja ƙusa. In ɗanyen ka samu da araha, saya, amma ka jera shi a inuwa da 'yan sanduna tsakani iska na ratsawa, ya yi makonni kafin aiki.

Farin katako mai laushi na silin ne, gara na son sa kamar me. Malaina ita ce ta talaka, tana yi in ta bushe kuma ta sha magani. Jan katako irin su maɗaci ya fi ƙarko, ya fi tsada, yakan kuma lanƙwasa ƙusa. In kuɗinka ba zai kai jan katako duka ba, ka sa shi a rafta da kan bango, sauran ka yi da malaina.

Rafta mai tsallake ɗakin ƙafa 12 ba abin da ya tokare ta a tsakiya, tu-bai-sikis take so, a kafa ta a kan gefenta, ba a kwance ba. Kuma tunda rufin ya fi katakon tsawo, dole a yi haɗi. Haɗin kada ya faɗo a tsakiyar ɗaki.

Zan iya mai da tsohon katakon?

Wanda ya ƙi sukudireba, bai lanƙwashe ba, i. Tsohon jan katako na gidajen da sau da yawa ya fi sabon da za ka sayo. Ka duba bakinsa inda ya shiga bango, a nan ruɓa ke farawa. Tsohuwar azara ma kada ka yi gaggawar jefar da ita, gara ba ta cika samun sa'arta ba.

Baƙin mai na maganin gara?

Yana ragewa, ba ya hanawa. Da yawa suna zuwa wurin bakanike su karɓo baƙin mai su shafa, don kusan kyauta ne. Maganin katako na gaske, irin su Solignum, ya fi shi nesa ba kusa ba. Ko wanne ka samu, ka shafa tun katako na ƙasa, fuska huɗu, ka jiƙa bakunan sosai, kuma duk inda zarto ya yanka a sake shafawa. Ka sa safar hannu, ka yi a fili, ka nisanta shi da wuta da yara. Sannan ka bi bango ka karya duk hanyar ƙasa da gara ta gina, don daga ƙasa take hawowa.

Me ya sa iska ke ɗauke rufin wani ta bar na maƙwabcinsa?

Wannan ita ce tambayar da na so a fara yi mini, amma sai an gama zancen launin kwano ake zuwa kanta.

Iska ba danna rufi take yi ba, ɗaga shi take. In ta bugi bango ta haura, tana tsotsar kwanon ta sama, ta kuma shiga ƙarƙashin leɓe ta tura shi. In taga ko ƙofa ta buɗe a gefen da take bugowa, ɗakin ya cika da iska, ta ƙara turawa daga ciki. Rufin kwano kuwa ba shi da nauyin da zai riƙe kansa. Abin da ke riƙe shi sarƙa ce: kwano a jikin tu-bai-tiri, tu-bai-tiri a jikin rafta, rafta a jikin katakon kan bango, shi kuma a jikin ginin. Inda sarƙar ta fi rauni, nan za ta tsinke.

Da na hau kan bangon mahaifiyata washegarin guguwar, abin da na gani ya ba ni haushi. Rufin na kwance a lungu, kwano da katako a haɗe, ko ƙusa ɗaya ba ta zare ba. A kan bangon kuwa ba komai sai 'yan ƙusoshi inci 4 da aka buga cikin siminti, da bulo layi ɗaya da aka ɗora a kai. Shekara da shekaru rufin zaune yake kawai a kan ginin kamar hula. Hajiya na tsaye a ƙasa tana cewa, "Kai dai sauko, Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo." Ni kuwa ina ta juya ƙusar nan a hannu.

Yadda ake yi: rodi kwata ko langa-langa mai kauri ya fito daga cikin linta, wato kankaren da aka zuba a saman bango, ko a huda bango a zagayo da shi ƙarƙashin bulo layi biyu ko uku, a naɗe katakon kan bango da shi a ɗaure tam. A yi haka a kowace kusurwa, da kuma kusa da kowace rafta. Raftar ita ma a ɗaure ta da langa-langa, kada a dogara da ƙusar da aka soka a karkace. A gefuna da kusurwoyi, inda iska ta fi ci, a ƙara yawan ƙusar kwano, kowane tudu ko a tsallake ɗaya. Leɓe kada ya wuce ƙafa biyu in ba an tokare shi ba, kuma a rufe ƙarƙashinsa.

Duk wannan ɗaurin kuɗinsa bai kai na bandir ɗaya ba. Duwatsu da tsofaffin tayoyin da kake gani a kan rufi a unguwanninmu shaida ce ta ɗaurin da ba a yi ba. Dutsen yana tara ruwa da datti ya ruɓar da kwano, ranar babbar iska kuma shi ma ya zama abin jifa.

Gidanmu ginin ƙasa ne. Haka za a yi?

Ɗaurin ya ƙara zurfi, don saman ginin ƙasa ba ya riƙe komai. A huda bango ƙafa biyu ko uku ƙasa da kai, a zura waya mai kauri ko rodi, a sa guntun katako ko ƙarfe a inda zai ja don kada ya yanka ƙasar. Leɓen rufi kuma ya fito sosai, tunda feshin ruwa shi ke cin irin wannan bango. In bangon ya tsage ko ya kumbura, gyaransa ne farko. Wasu sukan ɗora bulo layi biyu da linta a kai, amma wannan sai magini ya duba ya ce ginin zai ɗauka.

Gangara nawa ya kamata?

Aƙalla ƙafa ɗaya ga kowace ƙafa huɗu. Ɗaki mai zurfin ƙafa 13, bangon da ya fi tsawo ya ɗara ɗayan da ƙafa uku da 'yan kai. Masu tsimin bulo sukan kwantar da rufi, sai iska ta riƙa tura ruwa baya ta mahaɗi. Dogon rufin nan mai tsini da ake yayi kuwa, katako da kwano kawai yake ci.

Ta ina ake fara buga kwano?

Daga ƙasa zuwa sama, don na sama ya hau kan na ƙasa. A gefe kuma, ka lura da inda ruwa mai iska ke bugo gidanka. A nan yawanci hadari daga gabas yake tasowa, saboda haka a fara daga yamma a nufi gabas, bakin kowane mahaɗi ya ba iska baya. Ka ja zare a bakin leɓe kafin falle na farko. In na farko ya karkace da rabin inci, kafin ka kai na goma sha huɗu ya zama haƙoran zarto.

Ƙusa a kan tudu ake buga ta, ba a cikin kwari inda ruwa ke bi ba. A buga har hular ta zauna, kada a lotsa kwanon. Wadda ta kuskure katako a zare ta a toshe ramin nan take, don gobe ba mai tuna inda take. Tazarar tu-bai-tiri kuma a auna ta yadda kowane mahaɗi zai faɗo a kan katako. Ga falle mai ƙafa 6, kusan ƙafa biyu da inci tara ke nan. Yanka kuwa da almakashin kwano, don injin gurza yana ƙona shafen da ke hana tsatsa.

Mene ne haɗarin aikin?

Wayar wuta ita ce ta farko. A tsofaffin unguwanni irin su Gangare da Dilimi wayoyi na ratsa kan rufi ta ko'ina, wasu ba riga. Falle ɗaya ya taɓa, shi ke nan. Kada ka ce ai an ɗauke wuta, ba a sanar da kai lokacin da za a dawo da ita. Ka sa mai aikin lantarki ya cire wayar gidanka, in kuma babbar waya ce ta kusa, ka je ofishin JED, kamfanin raba wutar lantarki na Jos.

Na biyu raɓa. Kwanon Jos da safe santsi ne da shi kamar sabulu, a jira rana ta busar da shi. A taka kan layin ƙusa kawai, ko a shimfiɗa allo. Takalmi mai roba, ba silifas ba. Tsani mutum ɗaya ya riƙe shi ko a ɗaure. Yara a kai su gidan maƙwabta, don guduma na faɗowa. Tsofaffin ƙusoshi a tara a gwangwani, wanda kuma ƙusa ko kwano mai tsatsa ya yanka ya wanke ciwon ya je asibiti a duba batun allurar tetanus a ranar.

Kuma ɗaki ɗaya-ɗaya ake buɗewa, wanda za a iya rufewa kafin Magariba. Tamfol na kusa ko da rani ne.

Rufinmu ko silin ɗinmu na asbestos ne, irin na da. Mu farfasa mu zubar?

A'a. Ƙurarsa in ta shiga huhu tana jawo cuta mai tsanani, har da ciwon daji, kuma sai bayan shekaru masu yawa take bayyana. Kada a fasa, kada a yanka da zarto, kada a share ƙurarsa a bushe. A jiƙa shi da ruwa, a kwance shi falle-falle, a rufe hanci da takunkumi na gaske, a naɗe shi a leda. Kada a ba yara gutsattsarinsa, kada a yi murhu da shi. Tsohonsa kuma ba ya ɗaukar mutum, fashewa yake ba gargaɗi. In rufin duka ne, wannan ba aikin gayya ba ne, a nemo waɗanda suka saba.

Sai na gaya wa maƙwabta?

Ƙwarai. Wanda ya hau rufi yana ganin tsakar gida huɗu. Tun jajibiri ka bi su ɗaya-ɗaya: "Alhaji, gobe in Allah ya kai mu za mu hau sama, a sanar da iyali." Da safe kuma a aika yaro ya sake faɗa kafin a kafa tsani. Ka duba inda ruwan sabon rufinka zai zuba. In a bangon wani ne ko tsakar gidansa, ka sa gota da indararo ka juyo da shi wajenka. Rigimar indararo na iya kai mutane gaban mai unguwa, ta kuma fi rufin daɗewa.

Haya nake, ko gidan gado ne. Ina da ikon taɓawa?

Ɗan haya kada ya cire falle sai mai gida ya yarda, kuma a rubuta cewa za a cire kuɗin daga haya, da shaidu biyu da rasit na kowane kaya. Gidan gado da ba a raba ba, a tara magada a faɗa musu, a rubuta ko kyauta ka yi ko bashi ne a kan gidan. In kuma aikin ya wuce sauya kwano, za ka ƙara tsawon gini ko ka fitar da baranda wajen titi, ka fara zuwa JMDB, hukumar da ke ba da izinin gini a Jos da Bukuru.

Ni mace ce, maigidana ya rasu, ba ni da mai hawa sama. Yaya zan yi kada a cuce ni?

Hajiya, yawancin tsaron a ƙasa ake yin sa. Ki sa kafinta biyu su rubuto miki kayan da ake buƙata, kowa daban, ki gwada takardun. Ki je kasuwa da kanki ko ki aiki wanda kika yarda da shi, kaya su kwana a ɗakinki, ki ƙirga abin da ya fita kowace safiya. Kuɗin aiki kashi uku: na kama aiki, na bayan an gama katako, na ƙarshe bayan an watsa ruwa da bokiti a sama kin tsaya a ciki kin ga ba ɗigo. Kafin a rufe katako da kwano, ki ba wani yaro wayarki ya ɗauko miki hoton kowace kusurwa. Ki ce, "Malam, nuna mini ɗaurin." In ya ce ƙusa ta isa, ki ce a ɗaure tukuna, kuɗin rodin naki ne.

Masu taya aiki kuwa, tukunyar gwate da shayi mai zafi sun fi kuɗin lebura biyu tasiri, musamman da sanyin Disamba.

Kuɗi ya ƙare kafin silin. Akwai matsala?

Babu, sai sanyi da ƙarar ruwa. Ka dai sa kafinta ya buga tu-bai-tu na silin tun yana sama in da hali, in ba hali a bar shi zuwa baɗi. Abin da ba ya jira shi ne toshe tsakanin kan bango da kwano da siminti, saboda iska da ɓera da jemage, da kuma allon fuska da ke kare bakin rafta daga ruwa. Tsohon kwanon ka ware masu dama-dama na kicin, sauran ka kira 'yan gwangwan su auna a kilo a gabanka. Namu na Anguwar Rogo kuɗinsa ne ya sayi buhun simintin da muka toshe kan bangon da shi.